Mai Raba Gardama: Yadda Ake Zaɓensa, Yadda Yake Aiki, da Inda Ikonsa Ya Tsaya

Mutum biyu sun ƙulla harka, abu ya lalace, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Hanyoyin da ke gabansu ba su da yawa. Ko su zauna su daidaita da kansu, ko su nemo wanda zai shiga tsakani ya lallashe su, ko su nufi kotu. Akwai ta huɗu: su zaɓi mutumin da dukansu suka aminta da shi, su ce masa, "Ka saurare mu, ka yanke, duk abin da ka yanke ya hau kanmu." Wannan shi ne mai raba gardama, wanda malaman fiƙihu ke kira hakami, aikin nasa kuma tahkimi.

Mutane da yawa suna haɗa shi da mai shiga tsakani, kuma wannan ruɗanin ya sha jawo wa wasu asara. Mai shiga tsakani ba shi da alƙalami. Zai ji ta bakin wannan, ya ji ta bakin wancan, ya kawo shawara, in ba ta yi maka ba ka tashi ka kama gabanka. Mai raba gardama kuwa hukunci yake yankewa, kuma a yawancin ƙasashen duniya kotu za ta tilasta hukuncin kamar ita ta yanke shi. Bambancinsa da alƙali shi ne tushen iko. Alƙali hukuma ce ta naɗa shi, ba a tambaye ka ba. Mai raba gardama ku kuka ba shi ikon da hannunku, kuma iyakar abin da kuka ba shi, iyakar abin da yake da shi ke nan. Sai dai a dokokin zamani, da zarar an sa hannu, ɗayanku ba zai iya janye yardarsa shi kaɗai ba don ya ga iska ta juya. Shi ya sa babban aikin yana farkon tafiya, tun ba a kai ga zama ba.

Da farko, duba ko rigimar ta shiga

Ba kowace magana ake miƙa wa mai raba gardama ba. Abin da ya shafi dukiya, ciniki, kwangila, haya, haɗin jari, inshora, jigilar kaya, duk sun shiga. Laifin da hukuma ke tuhuma a kansa bai shiga ba, domin ba haƙƙin mutum biyu kaɗai ba ne, na jama'a ne. Haka a ƙasashe da dama ba a yarda a warware aure ko a tabbatar da nasaba ta wannan hanya ba. Malaman Malikiyya sun ja irin wannan layin tun da daɗewa: sun halatta tahkimi a kan dukiya da raunuka, suka hana shi a kan haddi, kisa, li'ani, nasaba da saki, suka bar waɗannan ga alƙali. Hakamai biyu da aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ambata, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, babi ne na daban mai nasa hukunce-hukuncen.

Sannan ka tambayi kanka ko ya fi maka kotu. Amfaninsa a fili yake: kuna iya zaɓar wanda ya san sana'ar, ana yin zaman ba tare da 'yan kallo ba, kuma babu hawa-hawan ɗaukaka ƙara da ke cin shekaru. Amma fa ku za ku biya shi ladan aikinsa, ku biya wurin zama, alhali albashin alƙali ba daga aljihunku yake fita ba. A ƙaramar rigima, kuɗin masu raba gardama uku na iya haura abin da ake faɗa a kai. Kuma rashin ɗaukaka ƙara kaifi biyu ne da shi. Idan ya karkace a fahimtar hujja, da wuya ka sami mai gyara maka.

Yarjejeniyar: tun ran gini, tun ran zane

Lokacin da ya fi dacewa a amince da wannan hanya shi ne ranar da ake rubuta kwangila, ana dariya, kowa na ganin alheri. Bayan an ɓata, wanda ya san ba shi da gaskiya ba zai yarda da komai da zai gaggauta hukunci ba. Don haka ake saka sakin layi guda a cikin kwangilar, kuma ya zama a rubuce, domin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ita ce ginshiƙin wannan fanni a duniya, rubutacciyar amincewa ta sani.

Wannan sakin layin mutane ke rainawa. Sai a gama tattauna farashi da ranar kawo kaya, kowa ya gaji, a kwafo wani abu daga tsohuwar takarda a manna. Ka dubi jimla irin wannan: "Idan saɓani ya taso, za a iya kai shi ga mai raba gardama ko kotu." Wanda ya rubuta ta bai magance komai ba, rigima ta biyu ya haifa. Ɗaya zai ruga kotu, ɗaya ya naɗa mai raba gardama, a shekara ana jayayya kan wa ke da hurumin sauraro, asalin maganar tana ajiye. Jimlar kirki ba ta barin ƙofa biyu. Cewa take duk wani saɓani da ya taso daga wannan kwangila, ko yake da alaƙa da ita, mai raba gardama ne zai yanke shi, kuma hukuncinsa shi ne na ƙarshe.

Bayan haka sai a fayyace abubuwa kaɗan. Mutum nawa ne, ɗaya ko uku? In kun yi shiru doka za ta zaɓa muku, kuma dokokin ba su daidaita ba: dokar samfuri, wato wadda ƙasashe ke kwaikwaya wajen rubuta tasu, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin kasuwanci, UNCITRAL, ta fitar a 1985 ta ce uku, ita kuwa dokar Ingila ta 1996 ta ce ɗaya. Wace doka ce za ta hukunta kwangilar? Da wane harshe za a yi zaman? Kuma wata cibiya ce za ta kula da tafiyar, irin kotun raba gardama ta Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya, ICC, da aka kafa a Paris a 1923, ko takwararta ta Landan, LCIA, ko kuwa ku da kanku za ku tsara? Cibiya tana da kuɗinta, amma tana da amfani ranar da ɗayanku ya noƙe, domin ita za ta naɗa a madadinsa.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne mazaunin shari'ar. Ba ɗakin da za a zauna ake nufi ba, ana iya yin zaman a wani gari daban, ko ma ta bidiyo. Mazauni shi ne ƙasar da dokarta za ta lulluɓe shari'ar, kuma kotunanta ne kaɗai ke da ikon soke hukuncin. Ka zaɓi inda kotuna ke tsoma baki a komai, ka shigo da abin da ka gudu ta ƙofar baya.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata ka sani tun yanzu. Doka tana ɗaukar wannan sakin layin a matsayin yarjejeniya mai zaman kanta. Ko da abokin hamayyarka ya ce ai kwangilar gaba ɗaya ɓatacciya ce, hakan bai kashe ikon mai raba gardama ba. Shi zai fara duba ko yana da hurumi, kotu ta biyo baya.

Zaɓen mutumin

Idan mutum ɗaya ne, ku biyu za ku amince da shi. Idan uku ne, kowa ya kawo ɗaya, su biyun su zaɓi na uku ya shugabance su. A tsarin dokar samfuri, wanda ya ƙi naɗa nasa cikin kwana 30 bayan an nema, kotu ko hukumar da aka ayyana za ta naɗa masa. Noƙewa ba ta tsayar da shari'a.

A nan ne na fi ganin mutane suna kuskuren fahimta, kuma ina so in faɗe shi ba ɓoye-ɓoye: wanda ka naɗa ba lauyanka ba ne. Ba wakilinka ba ne. Daga ranar da ya karɓi aikin, nauyin da ke kansa game da kai daidai yake da wanda ke kansa game da abokin hamayyarka. Ba ka da damar kiransa a waya da dare ka ji yadda ake ciki. In ya ɗauka ya tattauna shari'ar da kai, ya ci amanar kujerar, kuma ya jefa hukuncin cikin haɗarin sokewa, ko da kai ne ke da gaskiya. Mai hankali ba ya neman ɗan amshin shata, domin sauran biyun suna gane shi tun a zaman farko, daga nan maganarsa ta daina nauyi a wurinsu. Wanda ya kamata ka nema shi ne wanda ya san fannin, yake karanta takardu da kansa, yake da lokaci, kuma aka san yana iya ce wa wanda ya kawo shi, "A nan ba ka da gaskiya." Maganar lokaci ba ƙarama ba ce. Sanannen mutum mai shari'o'i barkatai a hannu zai iya ajiye taku ta yi watanni ba a rubuta hukunci ba. Ka tambaye shi kai tsaye kafin naɗi.

Ba dole ne ya zama lauya ba. A rigimar gini, injiniya na iya fin lauya gane inda aka ha'inci siminti. A rigimar lissafin kamfani, akanta. In uku ne, ya fi kyau shugaban ya san doka, saboda shi ke riƙe da tsarin zaman.

Shi kuma wanda aka tuntuɓa, aikinsa na farko shi ne ya bayyana duk wata alaƙa da za ta iya sa mai hankali ya yi shakkar adalcinsa. Ya taɓa yi wa ɗayan ɓangarorin aiki? Yana da hannun jari a kamfanin? Lauyan wancan ɓangaren ya sha naɗa shi a wasu shari'o'i? Akwai surukuta ko tsohuwar abota? Ƙungiyar Lauyoyi ta Duniya, IBA, ta fitar da jagora kan wannan a 2004, ta sabunta shi a 2014 da 2024, inda ta kasa alaƙoƙi zuwa ja, ruwan lemo da kore gwargwadon haɗarinsu. Ma'aunin ba shi ne ko shi a zuciyarsa ya san zai yi adalci ba. Ma'aunin shi ne abin da mai kallo daga gefe zai gani. Kuma wajibin bayyanawa ba ya ƙarewa ranar naɗi, yana nan har a sa hannu a hukunci.

Faransa ta ga abin da ɓoye alaƙa ke haifarwa. A 2008 wasu masu raba gardama uku suka yanke wa ɗan kasuwa Bernard Tapie sama da Yuro miliyan 400 a rigimarsa da bankin Crédit Lyonnais kan sayar da kamfanin Adidas. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin, bayan ta gano cewa ɗaya daga cikin ukun yana da tsohuwar alaƙa da ɓangaren Tapie wadda ya ɓoye. Aka umarci a mayar da kuɗin.

In kai ne ka gano irin wannan alaƙa, kada ka ajiye ta a aljihu kana jiran ka ga yadda hukunci zai kaya. Dokar samfuri ta ba ka kwana 15 daga ranar da ka sani ka shigar da ƙorafi. Ka yi shiru, an ɗauka ka yafe.

Zaman farko da sauraron hujja

Zaman farko na tsari ne. Ana fitar da ainihin tambayoyin da ake son amsa, a sa ranakun miƙa takardu, a amince ko za a kira shaidu baki da baki ko rubutu ya wadatar, a ajiye kuɗin aiki, yawanci rabi da rabi. Mai ƙara ya rubuta da'awarsa da hujjojinta, wanda ake ƙara ya ba da amsa, in yana da tasa da'awar ya kawo. Idan akwai fargabar wani zai sayar da kayan da ake rigima a kansu ko ya ɓatar da takardu, ana iya neman umarnin wucin gadi tun a nan.

Mai raba gardama yana da sarari sosai wajen tsara zama, ba a ɗaure shi da dukan ƙa'idojin kotu ba. Abu biyu ne ba ya taɓawa: daidaita ɓangarorin, da ba kowa cikakkiyar damar faɗin tasa. Duk takardar da ɗaya ya aiko masa, ɗayan sai ya gani. Duk hujjar da zai dogara da ita, sai an ba kowa damar magana a kanta. Ko da ya san wani abu daga gogewarsa, ba zai gina hukunci a kai a ɓoye ba, sai ya ajiye shi a gabansu.

A ɗauka wani ya sayi injinan ban ruwa, ya ƙi biyan ragowar kuɗi, yana cewa sun iso a lalace. Mai sayarwa ya ce lafiya lau suka bar hannunsa. Kowa ya zo da dogon bayani da zafin rai. Mai raba gardama na ƙwarai zai bar su su gama, sannan ya jawo takardar karɓar kaya, wadda mai kula da sito ya sa wa hannu ranar da mota ta sauke. A gefenta, da biro, an rubuta cewa kwali uku sun jiƙe. Sai ya juya ga mai saye: "Malam, takardarka ta ce uku, da'awarka ta ce duka. Yaushe aka buɗe sauran, kuma wa ke wurin?" Ya juya ga mai sayarwa: "Kai kuma, an aiko maka da hoton wannan takarda washegari. Me ka amsa?" Daga nan sai ya koma kwangila ya ga a wane wuri haɗarin kaya ya tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma na mai saye, a bakin masana'anta ne ko a ƙofar sito. In ta kama, ya tashi da ɓangarorin biyu a je a ga injinan, gani ya kori ji, ko ya naɗa ƙwararre ya duba ya kawo rahoto a yi masa tambayoyi. Yawancin aikin ke nan: rage hayaniya har a kai ga tambaya biyu ko uku da takarda za ta iya amsawa.

Darasin da ke ciki gare ka shi ne ka tattara abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Rasit, saƙon waya, imel, hoto mai kwanan wata. Sun fi shaidar da aka tuno bayan shekara biyu ƙarfi.

Idan wanda ake ƙara ya ƙi zuwa bayan an sanar da shi yadda ya kamata, zama zai ci gaba. Amma rashin zuwansa ba amsa laifi ba ne, dole mai ƙara ya tabbatar da da'awarsa. Shaidan da ba ya cikin yarjejeniyar kuwa, mai raba gardama ba shi da ikon tilasta masa zuwa, sai an nemi taimakon kotu. In kuma ana cikin tafiya kuka daidaita, ku nemi ya rubuta sulhun a matsayin hukunci, don ya sami ƙarfin da hukunci ke da shi.

Hukunci

Da doka yake yankewa, wadda kuka zaɓa, tare da sharuɗɗan kwangila da al'adar wannan sana'a. Ba shi da damar ajiye doka ya bi abin da zuciyarsa ta ga ya dace, sai in ku kuka ba shi wannan izini a fili. Kuma ba aikinsa ba ne ya raba abu biyu don kowa ya tafi da ɗan abin faranta rai. Wanda ke da gaskiya duka, duka za a ba shi. Mai raba gardamar da ke tsoron ɓata wa wani rai bai dace da kujerar ba.

Hukuncin zai kasance a rubuce, da sa hannu, da kwanan wata, da sunan mazauni, da dalilan da aka gina shi a kansu. In uku ne, rinjaye ya wadatar. Haka aka yi a Janeba a 1872, a shari'ar jirgin Alabama, lokacin da masu raba gardama biyar suka yanke wa Birtaniya biyan Amurka dala miliyan 15.5 na zinariya saboda ɓarnar da jiragen yaƙin da aka ƙera a ƙasarta suka yi a yaƙin basasar Amurka. Wanda Birtaniya ta naɗa ya ƙi sa hannu, amma hukuncin ya tsaya, kuma ta biya.

Dole ya amsa duk abin da aka tambaye shi, kada kuma ya ƙetara zuwa abin da ba a tambaye shi ba. Shi zai faɗi wanda zai ɗauki kuɗin shari'ar, sau da yawa wanda aka kayar. Da ya sa hannu, bakin alƙalami ya bushe. Cikin ɗan abin da ya rage masa akwai gyaran kuskuren lissafi ko na rubutu, in an nema cikin kwana 30 a tsarin dokar samfuri.

Bayan hukunci

Wanda aka kayar yakan tambaya, ina zan ɗaukaka ƙara? A mafi yawan wurare, babu. Abin da ke akwai shi ne neman kotun mazauni ta soke hukuncin, kuma ƙofar ƙunci gare ta. Dalilan da ake karɓa su ne irin waɗannan: babu ingantacciyar yarjejeniya tun asali, ba a sanar da kai ba ko an hana ka kare kanka, ya yanke abin da ba a miƙa masa ba, an saɓa wa tsarin naɗin da kuka amince, maganar ba ta cikin waɗanda ake miƙawa, ko hukuncin ya ci karo da ginshiƙan dokar ƙasa. "Bai fahimci hujjata ba" ba ya cikinsu. Lokacin ma gajere ne, wata uku a dokar samfuri, kwana 28 a Ingila.

Zamba kuwa tana rushe hukunci komai girmansa. A 2017 masu raba gardama a Landan suka yanke wa Najeriya biyan kamfanin P&ID dala biliyan 6.6 kan wata kwangilar iskar gas, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11. A watan Oktoban 2023 Babbar Kotun Landan ta samu cewa da zamba aka sami hukuncin, har da cin hanci da riƙe takardun sirri na lauyoyin Najeriya da kamfanin ya yi, aka soke shi. Abin lura a nan shi ne ba a samu masu raba gardamar da cin hanci ba, abin da aka ajiye a gabansu ne gurɓatacce. Wannan ya nuna iyakar tsarin: mai raba gardama da abin da aka kawo masa yake aiki, ba shi da 'yan sandan bincike, don haka ɓangaren da ya yi sakaci da kare kansa ya bar shi cikin duhu.

In kai ka yi nasara kuma abokin hamayya ya ƙi biya, mai raba gardama ba zai iya ƙwato maka ko sisi ba. Kotu za ka kai hukuncin ta amince da shi, sannan a bi dukiyarsa kamar yadda ake bin kowane bashin da kotu ta tabbatar. A nan Yarjejeniyar New York ke aiki: ƙasashe sama da 170 sun shiga cikinta, kuma kowace ta ɗauki alkawarin zartar da hukuncin da aka yanke a wata, sai in ɗayan waɗancan 'yan dalilai ya tabbata. Don haka ka fara binciken inda dukiyarsa take, ka nufi kotun can. Abin da za ka riƙa shi ne asalin hukuncin ko kwafin da aka tabbatar, asalin yarjejeniyar ko kwafinta da aka tabbatar, da fassarar da hukuma ta amince da ita idan harshen ƙasar daban ne. Kowace ƙasa tana da wa'adin da ta ɗiba na shigar da wannan buƙata, saboda haka ka sa lauyan can ya duba maka shi tun ranar da hukuncin ya shigo hannunka.